Gefen Dama Na Motar Baba

Ƙofar Durɓi, Katsina

Zuwa ga Yaya Hafsat,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya jikin Ummi, zazzaɓin ya sake ta? Inna tana gaishe ki, ƙafar tata da sauƙi.

Kin kira ni sau uku ban ɗaga ba. Ba aiki ne ya hana ni ba, bakina ne ya kasa faɗin abin, shi ya sa na rubuta na ba direban Funtuwa ya kawo miki.

Maganar motar Baba ce, Allah ya jiƙan shi. Kin tuna da Inna ta ce a maido mata launin ruwan ƙwai irin na lokacin da ya saye ta, kika ce in kai wa Malam Muttaka mai gyaran tankunan ruwa, tunda jikinta faiba ne irin na tankunan, ba ƙarfe ba. Ban kai ba. Na ga shekarata goma sha biyu ina fentin mota, ya za a ce ta ubana ta tafi hannun wani? Na jawo ta garejina.

Fenti hawa uku ne a jikinta, kore, shuɗi, sannan na asali. Kwana huɗu ina gurza da sanfefa da ruwa har yatsuna suka saɓule, ko murfin gaba ban gama ba. Ran Juma'a haƙurina ya ƙare. Na ɗauko maganin cire fenti mai ƙarfi, wanda muke shafa wa ƙarfe, na labta wa gefen dama duka, na tafi masallaci. Na san bai dace da faiba ba, Yaya, na sani sarai. Ko da na dawo ya cinye fentin ya zarce cikin jikin. Na danna da yatsa wurin ya lotsa, zaren faibar ya fito buzu-buzu kamar gemun masara.

Amma ba wannan ne ya hana ni ɗaga waya ba. Ran Lahadi Inna ta hau keke napep ta zo ganin aiki. Ta shafa wurin ta tambaye ni me ya same shi. Sai na ji ina ce mata wai tsohon lahani ne, Baba ya taɓa yin karo da ita, ya liƙe ya rufe da fenti bai gaya wa kowa ba. Sai ta ce shekara arba'in da ɗaya suna tare, ba ta san ya taɓa ɓoye mata abu ba. Ranar ko abinci ba ta ci ba.

Ki gaya mini yadda zan yi. A gaida yara.

Ƙanenki,
Nasiru

Zuwa ga Yaya Hafsat,

Assalamu alaikum. Ina fata kun tashi lafiya, ya hidimar gida? Na ji daɗi da Ummi ta koma makaranta. Amsarki ta iso, kuma duk abin da kika faɗa mini na cancanci fiye da shi.

Na kai motar wurin Malam Muttaka. Ya sunkuya ya shinshina wurin, ya dube ni, bai tambaye ni komai ba. Ya ce za ta gyaru. Zai yanke inda ya yi laushi, a bar shi ya bushe sati uku, sannan ya shimfiɗa sabuwar faiba. Sauran fentin da hannu nake gurza shi a gabansa, kaɗan-kaɗan.

Inna kuwa na same ta bayan la'asar tana tsintar wake, na durƙusa na gaya mata gaskiya duka. Ba ta ɗaga murya ba. Cewa ta yi, "Mota ai a gyara ta. Shi fa, da ba ya nan balle ya ce ba haka aka yi ba?"

A nan na ji abin da ban sani ba. Ashe tun washegarin zuwanta gareji ta tafi Batagarawa wurin Baffa Usman, ƙanen Baba, ta tambaye shi ko ya san da wani haɗari. Hankalinsa ya tashi. Ya ce in har yayansa ya ɓoye abu, to mutum ya buge. Ya bi tsofaffin abokan Baba huɗu yana tambaya, wai ko za a gano dangin mutumin a nema masa gafara.

Na je na gaya wa Baffa. Ya ɗauki hularsa ya sa ni gaba, gida-gida, na maimaita a gaban kowane dattijo cewa ni na ƙirƙiro. Uku muka samu. Na huɗun, Alhaji Sagiru mai yadi na Babbar Kasuwa, ya tafi Umara tun kafin mu je, wayarsa ba ta shiga. Ɗansa ya ce da Alhajin zai tafi ya yi alkawarin roƙa wa Baba gafara a can, kan ran mutumin da wai ya kashe da motar. Saura kwana tara ya dawo. Kullum da safe ina bi ta shagon in duba.

Ki sa ni a addu'a. Ina gaida maigidan da kyau.

Ƙanenki,
Nasiru