Sunan Ɗan Fari

Tajaye, bazarar 1985

Zuwa ga Yaya Zalika,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ina zafin Ƙonni? In kin tambayi tawa lafiyar, da sauƙi zan ce, don haka aka saba cewa.

Yaya, Auta ma ta tafi. Ƙyanda ce. Uku ke nan na ba ƙasa, ba ni da saura. Maigidana Jibo yana Abijan ci-rani, bai ji ba tukuna. Mata sun cika gida, kowacce ta ce in yi haƙuri, ta karkaɗe zane ta tafi. Haƙurin nan na ji shi har ya gundure ni.

Yanzu a gari sunana mai wabi, wadda 'ya'ya ba sa tsaya mata. Ranar sunan jikan liman na miƙa hannu in ɗauki jinjiri, kakarsa ta ce barci yake. Idonsa biyu, Yaya. Duk da yunwar bana, na baro musu tuwonsu.

Na daina daka. Rijiya ma sai tulu ya bushe nake zuwa, in na je kuwa nakan daɗe ina leƙawa, ba kuma ruwan nake dubawa ba. Ki sa ni a addu'a.

Ƙanwarki,
Tabawa

Tajaye, daminar 1985

Yaya Zalika,

Ina gaisuwa. Yaya ruwa a wajenku? Garin masarar da kika aiko ya iso, Allah ya saka.

Kin tuna Saude, matar Rabo mai gyaran keke? Ɗanta na fari ya rasu yana kan nono. Kin san dokar ɗan fari: uwa ba ta kiran sunansa, ba ta kukansa gaban surukai. Saude ta zauna ido a bushe, tsofaffi suna ta yaba kunyarta. Ba wanda ya lura ta bar cin abinci sai da ta kasa tashi.

Surukarta ta aiko in je. Kada ki ɗauka girmamawa ce. Masu goyo sun ƙi shiga ɗakin, ni kuwa ba abin da ya rage mini da zan ji wa tsoro. Na je ina fushi. Ban ce mata haƙuri ba, bakina ya ƙi. Na ɗora ruwa na gasa mata nonon da ya kumbura.

Da ta iya miƙewa sai na ja ta gona tsinkar tafasa, inda ba kunnen suruka. Can cikin gero na tambaye ta sunan yaron. Ta waiga dama da hagu kamar ɓarauniya, sannan ta faɗa: Alkasum. Ta yi ta maimaita shi tana kuka har rana ta karkata. Da muka dawo ta shanye ƙwaryar fura.

Ni kam na koma gida ina ƙyashinta. Nawa na farin ya daɗe a ƙasa, ban taɓa kiransa komai ba sai “yaron nan”, da ransa da bayan ransa. Aka yaba kunyata, ni ma. Me yabon ya tsinana mini?

Taki,
Tabawa

Tajaye, kakar 1986

Yayata Zalika,

Ina yi miki barka da kaka, da fatan ciwon ƙafarki ya lafa.

Kin ce in dawo Ƙonni in zauna da ku. Na gode, amma ba zan iya ba yanzu. Maganar Saude ta bazu. Har daga Dogarawa ake aikowa a ɗauke ni in an yi rashi. Ran kasuwar Illela nakan shimfiɗa tabarma a inuwar ɗakin likita, iyaye mata su zo su zauna. Ba ni da magani, ba ni da karatun malamai. Tambaya kawai nake, in saurara. Wasu sukan tashi da sauƙi, wata kuma na rasa ta duk da haka, 'yar Fulani ce, har yau tana raina.

Kada ki ce na warke. Jibo ya zo ya koma, mun kasa haɗa ido. Har yanzu ba a miƙo mini jinjiri ran suna. Ciwon yana nan, sai dai ya sami aikin yi. Rijiya kuwa yanzu in na je, guga nake zurawa in ja in dawo, don akwai masu jirana.

Jiya Saude ta tambaye ni sunan nawa ɗan farin. Na buɗe baki, ya maƙale. Ni da nake sa mutane su faɗa. Shi ya sa na ce bari in fara da takarda, wajenki, ke da kika yi masa wankan fari. In kin zo da salla, ki kira shi da ƙarfi in ji, ko na iya amsa miki.

Ki gaida mutanen gida.

Ƙanwarki,
Tabawa, uwar Rabilu