Shingen Baba a Hoton Jirgi

Polokwane, Afirka ta Kudu, 9 ga Mayu

Yaya Ramatsobane,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Yaya gwiwar? Yaya jikoki, har yanzu suna shanye miki sukari? Mu nan lafiya lau, sai tsufa.

Kin san maganar da ake yi tun muna yara, wai Baba ya san motocin gwamnati za su zo su kwashe garinmu tun kafin kowa ya sani, wai shi ya rubuta wa Baturen gwamnati sunayen gidaje. Ban taɓa yarda ba, ko daga bakin wa na ji. Ke kuwa a kan maganar nan har wata mata kika mara a gidan makoki.

To, ranar Talata mun je jami'a a Pretoria, ni da Matome, shugaban kwamitin neman a mayar mana da filinmu. Hukuma ta ce kowane gida ya kawo shaidar cewa korarsa aka yi, ba don kansa ya tashi ba. A ɗakin taswira, can ƙasan laburare, wata mata mai safar hannu ta fito mana da hotunan da jirgi ya ɗauka daga sama. Ta miƙo mini gilashin ƙara girma, ta ce, "Baba, bar neman ɗaki, nemi shingen shanu. Kashin shanu baƙi yake fitowa."

Haka ne kuwa. A hoton 1961 ga kogi, ga shingaye baƙi-baƙi kamar an ɗiga tawada. Na sami namu a gindin dutse, inda aka binne Kaka a tsakiyar shanunsa. Sai da na cire hula.

Daga nan ta kawo na 1963, wata uku kafin zuwan motoci. Shingen kowa baƙi ƙirin. Namu ya koɗe, ciyawa ta fara cinye shi, ɗakunanmu huɗu ba rufi. Kin tuna an ce mana ciwon shanu muka gudar wa, shi ya sa muka koma wurin dangin Inna? Ashe har da jinkar ɗaki ake gudun ciwon shanu.

Matome ya daɗe yana kallo. Kin san kakarsa a bayan motar gwamnatin nan ta cika, ranar da aka kwashe su. Ya ce, "Kawu Lesiba, ashe tsohonku boka ne, yana ganin gobe." Ya sa aka buga masa hoton guda biyu. A hanya har ya tsaya ya saya mini lemo.

Jiya kwamiti ya cire sunanmu daga cikin masu neman filin. Don haka zancen in kin cika a kai ki can a binne a ƙasar Kaka, ki fitar da shi daga ranki. Ki sa yaranki su nema miki wuri a makabartar gari tun kina iya zaɓa.

Shekara sittin kina ce mini ban gaji Baba ba. Na gode wa Allah.

Saura abu ɗaya da hoto bai nuna ba. Takardar sunayen a ƙarƙashin ƙwai aka sa ta. Kwandon ƙwan nan da kika kai wa Bature kina 'yar shekara goma sha ɗaya, wanda har yau kike ba jikoki labarin alewar da ya ba ki.

Na san za ki ce maƙiya ne suka kitsa mini. Mutane da yawa sun faɗa mini, amma wadda ta faɗa ta ƙarshe Inna ce, a asibiti, lokacin da kika fita ɗebo mata ruwa.

Ki gaida kowa da kowa. Ki riƙa shafa maganin gwiwar.

Ƙaninki,
Lesiba