Bakan da Ke Kan "Ci"

Litinin, 7 ga Oktoba, 2024

Dakta Bawah, malamin da ke duba aikina na kammala jami'a, ya dawo mini da babi na uku, duk jan biro. Ba nazarin ya kushe ba. Wannan ɗan bakan ne da ake ɗorawa a kan haruffa biyu don a nuna sauti ɗaya ne. Harafin "c" a rubutun sauti t͡ʃ ne, amma a kwamfutata bakan sai ya zame gaba, ya hau kan wasalin. Ya ce, "Rafi'atu, ki gyara kafin ƙarshen wata, in ba haka ba sai baɗi."

Ban gaya masa muryar da nake rubutawa ta Mma ce, mahaifiyata, ba.

Laraba, 9 ga Oktoba

Asibiti, Bantama. Tunda jininta ya hau ya shanye mata ɓarin jiki, magana ta ƙi fita. Ta kalle ni, ta motsa baki. Wai ni ɗalibar sauti, na kasa kunne ina neman alamar da zan rubuta abin da ya fito. Babu.

Juma'a, 11 ga Oktoba

Na ɗauki muryarta a watan Yuni tana tsinke shinkafa. Da ta yi magana kaɗan sai ta katse: "Ka ci abinci kuwa?" Mma kowa "ka" take ce masa, mace ko namiji, irin Hausarmu ta Zango. A wannan jimla kaɗai baka biyu, duka a karkace. In gyara, in mayar da muryar baya, in sake ji. Na rufe kwamfutar.

Talata, 15 ga Oktoba

Fareeda 'yar ajinmu ta nuna mini yadda ake gyara bakan a cikin trotro, motar haya, kwamfutar a cinyarta. "Kina sa shi a ƙarshe ne. Buga t, ki sa bakan, sannan ʃ. Ki canja salon haruffan ma, wannan ba ya ɗaukarsa." Ya zauna daram. Na sauka Ayigya ina murna kamar wata yarinya. Na kai wa Mma labari. Ta matse mini yatsa.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Mma ta rasu da hantsi. Inna lillahi.

Asabar, 26 ga Oktoba

Yaya Mukhtari ya ce, "Ki bar aikin nan zuwa baɗi, ba wanda zai ga laifinki." Na ce a'a. In na bari, ba zan ƙara iya buɗe muryar ba. Na zauna na bi alamomin ɗaya bayan ɗaya. Hawaye na zuba, yatsu na aiki.

Laraba, 30 ga Oktoba

Na miƙa. Dakta ya duba, ya ce yanzu ya yi. Sai ya ga sunan Mma a gurbin mai maganar, marigayiya Ajara Garuba, ya dubi nawa. Ya cire tabarau. "Allah Ya jiƙan ta," ya ce. Ban iya cewa amin da ƙarfi ba.

Talata, 12 ga Nuwamba

Babi na huɗu na buƙatar wata murya. Na je wajen Hajiya Hadija mai waake, wato shinkafa da wake, ƙawar Mma tun ƙuruciya, ba don ina so ba. Maimakon ta amsa tambayoyina sai ta hau labarin ranar da suka ɓata a Adum suna 'yammata, Mma ta tare ɗan sanda da yaren Twi da ba ta iya sosai ba, ta ce masa "mijina" a maimakon "yallaɓai". Na yi dariya. Sau ɗaya ne dai.

Da na dawo gida na ga ashe ban danna ɗaukar murya ba. Dole in koma gobe. Don aikin ne kawai.