Inna, An Kwashe Fankokin Zaure

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina miƙo gaisuwa irin ta ɗiya ga uwa, tare da fatan Allah ya yalwata makwancinki, ya haskaka miki shi. Ni ce Kulu. Daga Gwandu nake rubuto miki, daga cikin ɗakinki ma, don tun da aka share makokinki ban koma Dalijan ba. Maigidana ya yi mini izini in zauna in kula da Baba, yara kuma suna wajen kakarsu.

Na san ba karantawa za ki yi ba. Ko da kina raye ma, sai dai in zaunar da ke in karanta miki, kina katse ni kina cewa in rage sauri. Amma maganar nan dole in faɗa wa wani, kuma mutum biyu ne kawai nake da su: ɗaya zai manta kafin in rufe baki, ɗayan kuwa shi ya aikata abin.

Inna, an kwashe fankokin zaure. Benci, akwatin kayan aiki, har ƙusoshin da ke bango, ba a bar ko ɗaya ba.

Bari in faro miki daga inda kika bar mu. Mantuwar Baba ta ci gaba sosai. Ya manta an yi jana'izarki. Ni kuwa wata rana ɗiyarsa ce, wata rana mai kawo gyara. Yaya Sanda in ya zo daga Kalgo, Baba yakan gaishe shi da ladabi kamar wani ma'aikacin gwamnati. Abu guda ne bai kuɓuce masa ba, zauren nan. Da ya ga tsofaffin fankokin a jere, da bencinsa mai baƙin maiƙo, sai ya san shi ne Mamman mai gyaran fanka, ya san nan gidansa ne, ya san ta ina ake shiga ciki. Zauren ne ke riƙe mana da shi.

Kin tuna shi lokacin da yake shi. Yakan ɗora fanka irin ta da, mai nauyin ƙarfe, a kan cinya. Ya kwance ragar, ya zare fukafukan, ya buɗe bayanta ya ciro sandar tsakiya. Ya wanke bushi, zoben nan da sandar ke juyawa a ciki, da kananzir har sai ya daina fitar da baƙi. Sannan ya tsoma gashin kaza cikin man keken ɗinki, ya riƙa ɗiga wa audugar da ke kewaye da bushin, a hankali, har ta sha ta ƙoshi. Haƙoran da ke juya mata kai kuma giris yake lakata musu. In ya haɗa, ba ya saurin jona ta da wuta. Sai ya kaɗa fukafukin da ɗan yatsa, ya rufe ido, ya karkata kunne.

Kin tuna yadda yake yi wa masu zuba wa fanka man girki. Da ya sansana bayanta ya ji man gyaɗa, sai ya ɗago ya dubi mai ita daga sama har ƙasa. "Hwanka ba ƙosai ba ta, malam." Daga nan ya shiga karatu: man gyaɗa in ya sha zafi kauri yake yi, ya zama danƙo, ya riƙe sanda, fanka ta yi ta gurnani har ta ƙone kanta. Mu muna cikin gida muna dariya, ke kina cewa ai yau wani bawan Allah ya shiga uku.

To, wannan mutumin ne na leƙa zaure wata rana na tarar yana tuttula wa fanka man gyaɗa daga kwalbar madafa. Ba ɗigo ba, Inna, tuttulawa, har yana malala a kan rigarsa. Na ce Baba ba shi ba ne wannan. Ya daka mini tsawar da ban taɓa ji daga bakinsa ba, wai yaushe aka haife ni da zan koya masa aiki. Na ɓoye man girkin. Ya fita ƙofar gida ya roƙo wajen mai ƙosai. Na juye man keke a cikin kwalbar don in yaudare shi, ya ce wani ya tsarma masa mai da ruwa, ya zubar a ƙasa. Ranar na zauna a madafa na yi kuka har tuwo ya kama.

Sai da na zo kwashe kayan ƙarƙashin gadonki na gane. Cikin kwanukan nan da kike cewa ba a taɓa miki, na buɗe wata samira na sami sukudireba, da ƙaramar filaya, da kwalbar kananzir, da man keke, da gashin kaza a ɗaure da zare. Na daɗe a durƙushe ina kallonsu. Ranar da muke yi miki wanka na ga baƙi a ƙarƙashin faratanki, na yi ta gogewa ya ƙi fita, na ɗauka na tukunya ne.

Ashe ke kike bin bayansa. Haba Inna! Tun yaushe? Ke da ko ƙwan fitila ba kya yarda ki canza. Kina fama da ciwon ƙirji, kina tashi ki kwance abin da ya ɗaura, ki wanke, ki mayar, da rana kuma ki tsaya bayan labule kina jin ana yi masa godiya. Ko sau ɗaya ba ki gaya mana ba. Na ji haushinki ranar, wallahi na ji, sannan na ɗauki samirar na ci gaba daga inda kika tsaya.

Bayan sallar asuba Baba yakan koma barci. Lokacin nake shiga zaure. Da farko na sha wuya, na yi ta ɓatar da ƙananan notuna, kananzir ya tsattsage mini hannu. A hankali na iya. Man gyaɗan da ya kwana yakan fara yauƙi, sai an jiƙa shi an goge da tsumma, audugar kuwa sai dai a canza ta. In na gama, in mayar da fankar daidai inda ya ajiye ta, fuskarta na kallon inda ya bar ta tana kallo.

Malam Altine tela, maƙwabcinmu, shi kaɗai ya san sirrin, kuma ya ce tun kina raye ya sani, don wajensa kike samun man keke. Yanzu wa ke kawo gyaran fankar ƙarfe? Kowa ya koma mai caji, ta roba, in ta mutu a jefar. Malam Altine ne ke zagaya dangi da abokai yana tattaro tsofaffin da aka jibge a ɗakunan ajiya, ya kawo wa Baba da sunan gyara. Sharaɗinmu ɗaya ne: ba a karɓar fanka daga hannun Baba, sai ta kwana ta bi ta hannuna.

Da bazarar bana Rabi, ɗiyar Malam Altine, ta zo gida wankan jego. Kin san zafin garin nan, bango ma sai ya yi ta huci. Jaririn ya yi ta kuka, ƙuraje sun feso masa a wuya. Ranar na tafi karɓo maganin Baba, Malam Altine kuma yana kasuwa. Mijin Rabi ya zo duba su, baƙo ne, bai san komai ba. Aka ce masa akwai tsohuwar fankar gidan a wajen gyara. Ya yi sallama a zaure, Baba ya miƙa masa ita da hannu biyu, har da ce masa ta fi sabuwa.

Ya jona ta kusa da gadon, babu wuta a lokacin, ya tafi abinsa. Rabi ta zaga bayan gida wankan yamma, sai aka kawo wuta. Ashe Baba ya ɗaure sandar tamau, ya kuma cika cikinta da mai har kan waya. Ta yi ta gurnani ba ta juyawa, ta yi zafi, ta kama da wuta. Gidan sauron jaririn ya ɗauka.

Uwar Rabi ce ta ji ƙauri ta faɗa ɗakin ta fizgo shi. Yana raye, Inna, alhamdu lillahi yana raye. Amma ƙafarsa ta hagu ta ƙone daga idon sawu zuwa yatsu. Na je asibiti na gan shi, ƙafar ba ta kai tsawon babban yatsana ba, an naɗe ta da bandeji. Na so Malam Altine ya zage ni, ko ya ɗaga murya. Bai yi ba. Cewa kawai ya yi ƙaddara ce, ya juya fuska ga bango.

Washegari Yaya Sanda ya iso daga Kalgo, idonsa jajir. Ya ce an gama, yau zauren nan zai tashi. Na roƙe shi. Na ce a yanke wa kowace fanka wayarta, a cire wutar zauren gaba ɗaya, a bar wa Baba ƙarafan ya yi ta kwancewa yana ɗaurawa, ba mai sake fita da ko ɗaya. Ya ce da wane ido zai dubi Malam Altine, mutumin yana wucewa kullum yana ganin abin da ya ƙona masa jika a jere. Na ce shi da yake zuwa ya yi mana wuni ɗaya ya koma, me ya sani game da Baba? Na faɗa masa maganganu, Inna, kin san bakina in ya buɗe. Shi ma ya mayar. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ban iya cewa ƙarya yake yi ba, don na ga ƙafar yaron da idona.

Ya ɗauki Baba a babur ya kai shi aski can bakin kasuwa. Kafin su dawo, 'yan gwangwanin da ya kira daga Kalgo sun zo da a-kori-kura. Ina tsaye suna wurga fankokin kamar itace, ragar wannan na shiga cikin fukafukan waccan. Benci ma suka ɗora a sama. Yaya ya sa aka share zauren, aka shimfiɗa sabuwar tabarma, aka ajiye farar fanka mai caji a gefe, wai don Baba ya riƙa shan iska.

Da suka dawo, Baba ya sauka, ya nufi ƙofa, sai ya ja ya tsaya. Ya dubi bango, ya dubi tabarmar. Ya koma da baya, ya tuɓe takalmansa, ya yi sallama. A ƙofar gidan da ya gina da hannunsa, Inna. Na amsa na fito. Ya sunkuyar da kai, bai yarda ya dubi fuskata ba. "Baiwar Allah, ko maigidan na ciki? Ɓatan kai na yi, ina son a gwada mini hanyar gida."

Na ce Baba nan ne gida. Ya yi ɗan murmushi irin na wanda ba ya son ya ƙaryata mace, ya nemi gindin bango a waje ya zauna.

Tun ranar bai sake shiga cikin gida ba. Kin san shi da kunya, ya ce ba ya ratsa gidan wani ya tarar da iyalinsa. Mun yi lallashi, mun yi dabara, Yaya har ɗaukarsa ya gwada yi, Baba ya riƙe ƙyaure yana salati yana kiran jama'a su cece shi. Da ƙyar ya yarda yake kwana a zauren, a takure a gefen tabarma, hularsa a kai. In na kawo abinci ya ci loma kaɗan ya ture, ya ce baƙo ba ya cinye wa mutane. Ya rame, wuyan rigarsa har ya yi masa yawa. Magani kuwa ba ya karɓa daga hannun matar da bai sani ba.

Yaya Sanda ya ga haka ya koma wajen 'yan gwangwanin da gudu. Ya tarar sun riga sun farfashe su da guduma, sun zare jan wayar ciki, ƙarfen an loda an yi gaba da shi. Bencin wani mai shayi ya faskara. Ya dawo ya tsuguna a bayan ɗakinki yana kuka kamar ƙaramin yaro. Mun samo wasu tsofaffin fankoki biyu muka ajiye a zauren. Baba ya dube su ya ce maigidan nan ya kamata ya kai su gyara.

Yanzu kullum da hantsi yana bakin ƙofa, takalmi a ƙafa, yana duban duk babur ɗin da ya wuce. Yau da na kai masa kunu ya yi mini godiya mai yawa, ya ce mun yi masa karamci, Allah ya saka. Sannan ya rage murya ya ce yana da saƙo, in ba zai zama nauyi ba. "In kin ga maiɗakina, ki ce mata ina nan ƙofar gidan wasu mutanen kirki. Ta aiko a ɗauke ni, na gaji."

Na ce masa zan gaya miki. To, Inna, ga shi na gaya miki.

Allah ya jiƙanki, ya gafarta miki, ya sa wahalar da kika sha a ɓoye ta zama nauyi a mizaninki. Allah ya warkar da ƙafar ɗan Rabi, ya sa ya taka ta. Baba kuwa, na ɗaga hannu na rasa abin da zan roƙa masa, tsawon kwana ko sauƙin tafiya. Allah ya zaɓa masa wanda ya fi alheri, ni kuma ya ba ni ƙarfin ɗauka. Amin.

Wassalam.

Ɗiyarki,
Kulu