Baba ya je gona da ƙafarsa

Zuru, Asabar da dare

Yau Baba ya je gona shi kaɗai, ko sanda bai riƙe ba. Tun bara ƙafafunsa suka fara mutuwa, in ya taka ƙasa sai ya ce kamar auduga yake takawa. Mun ɗauka tsufa ne, har Mama ta fara maganar ba da gonar dawa aro. Ashe ƙarancin bitamin B12 ne, likita ya ɗora shi a kan allura.

Da ya dawo, ya jiƙe sharkaf da gumi, ya same ni a gindin mangwaro ina karatun jarrabawa. Ya leƙa zanen sinadari mai siffar zobe da ke gabana, ya ce, "Rifkatu, wannan zoben fa?"

Na ce, "Baba, maganinka ne, sunansa kobalamin. Jikin mutum ba ya iya yin sa, sai baktiriya. Suna da wani ɗan ma'aikaci a jikinsu, enzayim, mai ɗauko ɗan guntun sinadari, metil, ya liƙa wa zoben. In bai liƙa ba, aikin ya tsaya, babu bitamin."

Ya zaro ido. "Ƙwayoyin nan da uwarki ke kashewa da sabulu?"

"Danginsu ne, amma na kirki."

Ya yi dariya har da tari, ya ƙwala wa Mama kira: "Fito ki ji waɗanda suka tayar miki da tsohon sojanki!"

Duk zangon nan na tsani wannan darasin, yau kuwa na kasa rufe littafin. Baba ya ce gobe shi zai riga mu isa coci, kuma na yarda.