Likkafanin da Na Rina

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina cikin rahama, 'yarki Hajara ce daga ɗakinmu na unguwar Misfala, nan ƙasa mai tsarki. Na yi wani abu, gara ki ji daga bakina.

Kin tuna shekarar da muka iso, kika sayi farin ƙyalle biyu, muka jiƙa su da zamzam muka shanya? Kika ce, "Ɗaya nawa, ɗaya naki, kada ki taɓa shi sai ranar." Naki ya yi aikinsa. Nawa kuwa na ciro shi daga adaka.

Yaƙi aka yi a wajen Ƙudus, Inna. Ummu Salim, Bafalasɗiniyar da nake wa wanki, ƙanwarta ta gudu da 'ya'ya huɗu, daga su sai kayan jikinsu, suna cikin tanti. Rediyo ya ce an tsagaita wuta. Ni dai ban yarda ba. In an tsagaita, me ya hana mutane komawa gidajensu?

Sai ga wasu da mota suna tara tufafi da barguna, wai za su kai wa 'yan gudun hijirar. Kin san halina, hannayensu na tsaya ina kallo. Wa ya aiko su? Mai rubuta sunaye ya tambayi nawa, ni da ba ni da iƙama, takardar izinin zama! Na ce ya rubuta baiwar Allah.

Har na miƙa ƙyallen, Ummu Salim ta riƙe hannuna. Ta ce fari haka in ya isa can, ba ɗinka shi za a yi ba. Gawa za a naɗe da shi.

Na koma na rina shi shuɗi, tsomi uku. Na yanka riguna huɗu, na sa wa kowacce jan zare a wuya don in gane ta, sannan na ba su.

Tun ranar nake zagaya 'yan gwanjo, ina ɗaga riguna ina duba wuya. Ban gani ba tukuna. Ko sun isa, ko wata kasuwar aka kai su, oho.

Ki yafe mini, Innata. In tawa ta zo, a naɗe ni da abin da ya samu. Allah ya haskaka kabarinki. Allah ya sa a daina harbin da gaske, a buɗe hanya abinci da magani su shiga. Rigunan nan kuwa, Allah ya sa yaran su sa su har su yi musu kaɗan.

Taki har kullum,
Hajara