Famfon da Ya Ƙone da Laifin da Aka Ɗora wa Dogo

Yayana,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Yau sati uku ke nan ba ka leƙo kamfani ba, wayarka kuma a kashe.

Yaya, mu uku muka fara harkar sola a shago ɗaya, yau ma'aikatanmu arba'in da biyu. Ni na iya nemo aiki da lallashin masu shi, amma ban san jar waya daga baƙa ba. Jiya mutum shida suka wuni a kan rufin wata makaranta, farantan sola ashirin a ɗaure, babu wanda ya yarda ya haɗa su da batir. Kowa cewa yake sai Injiniya ya zo, wato kai.

In maganar famfon rijiyar da ya ƙone ce ta ɓata maka rai, ai an wuce wurin. Na sallami Dogo tunda shi ne mai haɗa waya a ranar. Mutanen unguwar sun sami ruwa bayan kwana tara.

Ka dawo, don Allah.

Ƙanwarka, Auta

*

Auta,

Na amsa gaisuwa. Za ki ga rubutun ba nawa ba ne. Babbar 'yata ce take rubutawa, ni ina faɗa.

Idona ne. Shekara guda ke nan ina ɓoyewa. Likita ya ce jijiyar ce take mutuwa, abin da ya tafi ba ya dawowa. Ranar famfon ni na karɓi aikin daga hannun Dogo, ni na juya wayoyin, don launin ya daina rabe mini. Da kika kira shi ofis ina zaune a gefe, kofin shayi a hannuna, na ji kina sallamarsa ban ce uffan ba. Mutum mai 'ya'ya huɗu.

Shi ya sa na kasa zuwa. Ki nemo wani injiniyan, mai ido.

Yayanki

*

Yaya,

Allah ya ba ka lafiya, ya sa kaffara ne. Na yi kuka da na karanta, daga baya kuma na yi fushi. Duka biyun zan faɗa maka.

Na nemi Dogo, na same shi a wata rumfa bayan kasuwa yana gyaran fanka. Na ce masa na san gaskiya yanzu. Bai ɗago kai ba ya ce, "Ai na ga lokacin da Injiniya ya juya wayoyin."

Na ce, "Ka gani ka yi shiru?"

Ya ce, "Shugaba, sau ɗaya na taɓa yi masa gyara, ya ce in na ƙara zan koma ɗaukar tsani. Mu hannu ne kawai, kan nasa ne."

Ka ji, Yaya. Ba ido ne ya ƙona famfon nan ba. Akwai lafiyayyun idanu takwas a wurin, tsoronka ya rufe musu baki. Shekara goma kana yin komai da kanka, ba ka koya wa kowa dalili ba, ni kuma ina murna muna da gwani. Nawa laifin ke nan.

Injiniya mai ido zan samu. Abin da ke cikin kanka ne babu a kasuwa: me ya sa batirin wancan asibitin yake zafi, wane rufi ne ba zai ɗauki nauyi ba. Ka zo ka zauna, su haɗa, kai kana tambaya suna amsawa, har su iya yi maka gardama.

Dogo ya ce ba zai dawo ba sai an wanke shi a gaban waɗanda aka kore shi a gabansu. Ban roƙe shi ya sassauta ba.

Ke kuma 'yata mai karanta wasiƙar nan, ki gaishe da Babanki da kyau, ki karanta masa duka, kada ki tsallake layi.

Auta

*

Auta,

Ta karanta duka, sau biyu.

Ki tara ma'aikata ranar Litinin da ƙarfe tara, har masu gadi. Ki turo mota da wuri, amma ba kamfani zan fara zuwa ba. A kai ni rumfar Dogo. In ya yarda, shi zai riƙe hannuna mu shigo tare.

Yayanki